Buzuki mai tsirkiya shida da bashin da ba a biya ni ba

Ka tambaye ni, yaro, daga ina buzuki, abin kiɗan nan na Girkawa mai tsirkiya, ya samo asali, kuma me ya sa wanda ke rataye a bayan shago yake da tsirkiya shida alhali waɗanda muke sayarwa kullum takwas gare su. Da a ce kan ɗaura tsirkiya ko goge fuskar katako ka yi tambaya, da ban ɓata takarda ba, domin wanda ya daɗe yana shara a shagon nan bai koyi wannan da idonsa ba, gara ya nemi wata sana'ar. Amma tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki, saboda haka ka karanta a tsanake, kada ka ja ta da yatsa yadda kuke yi wa waya.

Abin kiɗa mai dogon wuya da ƙaramin ƙoƙo ya daɗe a ƙasar Girka. Mutanen da suna kiransa pandura, kuma a babban gidan adana kayan tarihi na Atina akwai wani dutse da aka tono a Mantiniya, na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka sassaƙa wata mace a jikinsa tana zaune tana kaɗa shi. A zamanin Rumawan Gabas da kuma na Daular Usmaniyya ana ce masa tambura, ɗan'uwan saz na Turkawa. Na Janar Makriyannis, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin neman 'yanci na 1821, yana nan har yau a gidan tarihin da ke tsohon ginin majalisa a Atina. Ka je ka tsaya a gabansa ka dube shi da idon mai sana'a. Tambura kunnuwansa, wato abin da ake murɗawa a saita tsirkiya, na itace ne, matakan wuyansa kuma ɗaura su ake yi, ta yadda makaɗi zai iya matsar da su ya sami ƙananan sautuka irin na kiɗan gabas.

Abin da ya mayar da tambura buzukin da ka sani shi ne mandolin, ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya na birnin Napoli a Italiya. Daga ƙarshen ƙarni na 19 masu sana'a suka ari hanyar Italiyawa: ƙoƙo na siraran katako da ake lanƙwasawa da zafi a jera su a kan mazubi, matakan ƙarfe kafaffu, da kunnuwan ƙarfe masu haƙora. An sami ƙarar murya da sauƙin saiti, an yi asarar waɗancan ƙananan sautuka. Daga cikin gwanayen lokacin akwai Anastasiyos Statopulos, wanda ya yi aiki a Simirna, wato Izmir ta yau, ya ƙaura zuwa New York a 1903, kuma shagonsa ne ya zama kamfanin Epiphone mai ƙera gita a hannun ɗansa.

Yaran yanzu, da zarar sun leƙa intanet, sai su ce 'yan gudun hijirar 1922 ne suka kawo buzuki Girka. Gaskiya ce bayan ƙonewar Simirna da musayar al'umma ta 1923 mutane fiye da miliyan ɗaya sun shigo, kuma sun zo da gwanayen kiɗa, amma yawancinsu goge irin na Turawa da ud da santuri suke kaɗawa. Buzuki sun tarar da shi a nan, a gidajen yari da ɗakunan mashaya tabar wiwi na tashar jiragen ruwan Pireyas da ke kusa da Atina, abin da mai mutunci ba ya so a gan shi da shi. Markos Vamvakaris, ɗan tsibirin Siros da aka haifa a 1905, shi ne ya fito da shi a faifai a farkon shekarun 1930, sannan gwamnatin Metaksas da ta hau a 1936 ta sa wa rebetiko, wato waƙoƙin talakawan birni da ake rerawa da buzuki, takunkumi. Wannan tatsuniya ta Simirna kuwa da ita aka cuce ni.

A lokacin ana kashe dirakma, tsohon kuɗin Girka, ban daɗe da buɗe shagon kaina ba. Wani mutum ya shigo cikin shiga ta kamala, da magana mai laushi, ya ce mahaifinsa tsoho ne da ya taso a unguwannin 'yan gudun hijira, kuma ba abin da yake bege kamar ya sake riƙe buzuki irin na ƙuruciyarsa kafin ya bar duniya. Ya ce in yi masa mai tsirkiya shida, siririn wuya, ƙaramin ƙoƙo, ba ado sai kaɗan, da gam na fata irin na da, kada in sa ƙarfe a cikin wuya. Ya roƙi kada fentin ya yi ƙyalli, kuma kada in manna takardar sunana a ciki, wai tsohon zai fi jin daɗi idan bai ga alamar sabon abu ba. Ya biya kashi ɗaya cikin uku.

Na ciro katakon da maigidana ya bar mini gado, wanda ya bushe tun kafin a haife ka, wanda nake tattali domin aikin da zai fito da sunana. Na yi wata da watanni ina jera ƙoƙon nan, na ƙi karɓar wasu ayyuka saboda shi, na kankare fuskarsa har ta riƙa amsawa idan na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ranar da na gama ya zo ya kaɗa, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce tsoho yana asibiti, bari ya kai masa ya gani, gobe zai kawo cikon kuɗi. Lambar wayar da ya bari ta wani gidan gasa burodi ce.

Bayan shekaru wani Bature mai tara tsofaffin kayan kiɗa ya kawo mini buzuki gyara, jakinsa ya karkace. Yana buɗe akwati na gane ɗana. An shafa masa duhu, an kankare bayan wuya domin ya yi kama da wanda hannu ya cinye, an manna wata takarda da aka rina da shayi a ciki, mai ɗauke da sunan Simirna da shekara ta kafin 1922. Ya ba ni labari da alfahari cewa wata iyali ce ta gudu da shi a cikin jirgin ruwa, kuma da ya faɗi abin da ya biya sai da na nemi wurin zama. Na sa madubi ta kafar fuska na nuna masa alamar da nake yi da wuƙa a gindin wuya. Na nuna masa kunnuwan da na saya da kaina, waɗanda aka ƙera shekaru da yawa bayan yaƙin duniya na biyu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce ba ya tsammanin irina zai iya wannan aiki, ya rufe akwatinsa ya fita. Cikon kuɗin ya ci ni, amma abin da ke hana ni barci shi ne mafi kyawun aikin hannuna yana wani gida ana yabon wani matacce da shi.

Maganar tsirkiya takwas kuwa gajeriya ce. Na asali tagwaye uku ne, ana saita su a kan sautukan re, la, re, kuma yatsa yana tafiya ne a tsawon wuya. A shekarun 1950 Manolis Hiyotis ya shahara da mai tagwaye huɗu, do, fa, la, re, wanda tazararsa ta yi daidai da ta tsirkiya huɗu mafi siranta na gita, saboda haka duk wanda ya iya gita sai ya same shi da sauƙi, gudun yatsa ya ƙaru, aka jona masa lantarki aka shiga da shi manyan gidajen rawa. Gwani ne, ban musa ba, amma a kunnena mai shida ya fi zurfi, kuma tsofaffin masu rebetiko da yawa ba su taɓa barinsa ba.

Za a kawo maka tsohon mai shida a ce ka huda kansa ka ƙara kunnuwa biyu. Kada ka karɓa, domin wuyansa bai da faɗin da zai ɗauka, fuskarsa kuma ba a yi ta don wannan nauyi ba, za ta lotsa. Wanda ya nace, ka turo mini shi.