Amsa ga mai son kajinta su yi kwanci, kuma tana neman gidan da za ta kiwata su

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kajinki suna ta saka ƙwai amma babu wadda ta kwanta, ga shi kuna shirin tashi, kina tsoron kama hayar da za a hana ki kiwo.

Fara duba irin kajin. Kajin gidan gona masu jan gashi, irin su ISA Brown, an tace su ne don yawan ƙwai, da wuya ki ga sun yi kwanci, su ma Noiler, kajin da ake kiwo don nama da ƙwai, ba a cika dogaro da su ba. Idan su ne gare ki, nemo kazar Hausa wadda ta taɓa ƙyanƙyasa, ki zuba mata ƙwansu. Ba a yi wa kaza kwanci dole, daga jikinta yake tasowa. Naki shi ne shirya mata wuri.

Abin da ya fi hana kwanci shi ne kwashe ƙwai kullum. Kazar gida takan tara goma zuwa sha biyar kafin ta zauna, in ta riƙa tarar da gurbi wayam sai ta ci gaba da saka. Ki bar mata huɗu ko biyar da kika yi wa alama da gawayi, sababbin kuma ki riƙa ɗebewa kina ajiyewa a wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Kada su wuce kwana 7, in an matsa 10, kuma kada ki wanke su. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. In babu zakara, ko ta shekara a kai ba abin da zai fito.

Gurbin ya kasance a lungu mai duhu, inda yara da sauran kaji ba sa kai-komo. Tsohon kasko ko kwando ya isa. A zuba yashi a ƙasa, a barbaɗa toka saboda ƙuma, a ɗora ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. Kada a raina ƙuma, ita ke tayar da kaza daga kan ƙwai ana saura 'yan kwanaki.

Za ki gane ta kama kwanci idan ta kwana a gurbi, ta kumbura gashi tana saran hannunki, ƙirjinta kuma ya fara zama fili. Ki ba ta kwana biyu ko uku a kan masu alamar, don wata yaudara take yi. In ta dage, da daddare ki cire su ki zuba na ainihi gaba ɗaya, takwas zuwa goma, sha biyu in babba ce. Wanda ya leƙo waje daga ƙarƙashinta ya yi yawa. Kada ki ƙara sabo daga baya, domin idan na farko suka fashe za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar sauran su zama baragurbi.

Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28. A kwana na 10 ki haska kowanne da tocila cikin duhu: mai rai za ki ga jijiyoyin jini, wanda haske ya ratsa fes a fitar da shi. Ruwa da hatsi su kasance kusa amma ba a cikin gurbi ba. Takan sauka sau ɗaya a rana ta ci ta yi wankan ƙasa, wannan ba matsala ba ce. Zafin Maris zuwa Mayu yana lalata ƙwai sosai, a lokacin ki ɗan jiƙa yashin ƙasan, ba ƙwan ba.

Batun gida kuwa, kada ki tsaya ga maganar dillali, shi la'adarsa yake nema. Ki tambayi mai gidan da bakinki, ki faɗi yawan kajin da cewa akwai zakara, a rubuta a takardar haya. Gidan da ake haɗa tsakar gida da wasu masu haya shi ne matattarar rigima: kashi a bakin ƙofa, kaza cikin shanyar wani. Rukunin gidaje masu maigadi da dokoki su ma sau da yawa suna hanawa. Unguwannin gefen gari sun fi, musamman gida mai katanga da ɗan fili ta baya. Ki je da asuba, in kin ji cara daga maƙwabta, hankalinki ya kwanta. Duba inda ruwa ke kwanciya da damina, da ramukan gafiya a gindin katanga. Ƙofar akurki kada ta kalli gabas, daga can ruwa ke bugowa.

Kada ki zuba ƙwai in tashin ya kusa, kaza mai kwanci ba ta cika yarda da sabon wuri ba. In kun sauka, ki kulle su mako guda su saba, a yi musu rigakafin Lasota, mai kare kaji daga annobar Newcastle, kafin hunturu.