Amsa ga Alhaji kan tarin da ya kama samari a ɗaki ɗaya

Assalamu alaikum. Alhaji, na saurari saƙonku inda kuka ce samari uku da ke kwana ɗaki ɗaya a Agege sun kama tari ɗaya bayan ɗaya, kuna tambaya ko sanyin damina ne. Don Allah kada a ɗora wa sanyi, domin abin da kuka bayyana ya fi kama da tarin fuka, kuma ɗakin shi kansa yana cikin sanadin.

Ƙwayar wannan cuta a iska take tafiya, kuma idan mai ita ya yi tari a ɗakin da iska ba ta ratsawa, takan daɗe tana yawo har sauran su shaƙa. Dukkanmu mun san yadda 'yan dakon kasuwar Mile 12 da 'yan ga-ruwa suke kwana, tabarma na gogar tabarma, taga a rufe saboda sauro da tsoron ɓarayi, kowa na shaƙar numfashin ɗan'uwansa har asuba. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, domin mai gidan haya a Legas kuɗin shekara yake nema a dunƙule, wanda sai an haɗa hannu ake iya biya.

Haka abin yake a gidajen da ɗakuna ke fuskantar juna, inda iyalai da yawa ke layi a bayan gida ɗaya, ga rijiya kusa da masai, ga ruwan ƙasa a kusa. Da ruwan sama ya cika kwata, ƙazanta sai ta gangara inda ake ɗiban na sha, kuma ta irin wannan hanya kwalara ke yaɗuwa, kamar wadda ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024.

Game da samarin nan, duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, musamman idan akwai rama da zufar dare, a kai shi asibitin gwamnati a gwada kakinsa. Gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta ne, amma na wata shida ne, kuma wanda ya daina sha don ya ji sauƙi, cutar na iya dawo masa ta ƙi jin magani. Sauran 'yan ɗakin ma a duba su ko da ba sa tari. Daga daren yau su buɗe taga, su ɗaura gidan sauro. Idan kun amince, Alhaji, ranar Litinin da safe zan zo in raka su da kaina.