Akwatin Masu Karatu: Yaron da Ya Ɓata, da Uwar da Ke Takaba

Wata huɗu muka yi muna kawo muku labarin nan kashi-kashi, kuma tun da ya ƙare wasiƙu ba su daina shigowa ofishinmu na Jos ba. Ga wanda bai bi shi ba: a wani ƙaramin gari tsakanin Bukuru da Mangu, yaro ɗan shekara shida ya tafi Islamiyya bai dawo ba, wata biyu bayan rasuwar mahaifinsa. Sufeton 'yan sandan da aka ba binciken tsohon saurayin uwar ne, wanda aka hana shi ita. Kwana tara ana nema. A babi na 30 cikin 32 asiri ya tonu cewa baffan yaron ne, ƙanin mamacin, ya sace shi, wai don ya ci gado. Mun kai wasu tambayoyin ga malamin fiƙihu, wasu ga lauya, sauran editan shafi ya amsa.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, labarin ya riƙe ni har ƙarshe, amma dalilin baffan bai kwanta mini ba. In yaro ya ɓata, dukiyarsa ta zama ta baffa ke nan? Daga wani ɗan kasuwa, Farin Gada, Jos.

MALAMIN FIƘIHU: Ba ta zama ba, kuma a nan ne ginin labarin ya fi rauni. Mu ɗauka bayan an biya bashi da wasiyya, gida da gonar dankalin mamacin sun kai naira miliyan 16, iyayensa ba su da rai, ya bar mata ɗaya da ɗa ɗaya. Matar tana da tumuni, wato miliyan 2. Ɗan ya kwashe miliyan 14. Baffa ba shi da ko sisi, domin ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci. Baffa zai shigo ne kawai in yaron ya mutu, ba shi da kaka na wajen uba, ba shi da 'yan'uwa: uwa ta ɗauki sulusi, shi ya ɗauki sauran. To amma ƙofa biyu a rufe suke. Wanda ya yi kisan ganganci ba ya gadon wanda ya kashe. Wanda kuma ya ɓata ba a ga gawarsa ba, a mazhabar Malikiyya ba a raba dukiyarsa sai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye sun shuɗe, malamai da yawa suka ce saba'in daga haihuwarsa. Baffan da ya ɓoye yaro ɗan shekara shida don gado zai jira shekara sittin da huɗu.

Dalilin da zai tsaya da ƙafarsa yana nan kusa, marubuciyar ta wuce shi. Dukiyar maraya tana hannun baffa a matsayin amana, ya ci rabinta a harkar haƙar kuza da ta karye, dangin uwa sun fara neman a yi lissafi. Sai ya shirya satar, a ce an biya fansa da kuɗin marayan, ramin ya rufe. Wannan mutum yana son yaron ya dawo da rai, shi ya sa zai fi kowa kuka, ya fi kowa zirga-zirga.

TAMBAYA: Malam Edita, ranar Alhamis da yamma aka ce yaron ya ɓata a hanyar Islamiyya. Wace Islamiyya ce ke karatu ranar Alhamis? Daga wata malama, Anguwan Rogo.

EDITA: Kin kama mu, Malama, mu ma ya wuce mu wajen tacewa. Galibin Islamiyyu Asabar zuwa Laraba suke yi. Da Laraba aka sa, da har an samu riba: washegari babu makaranta, sai an bi yaran ajin gida-gida kafin a ji wanda ya gan shi na ƙarshe.

TAMBAYA: Ni soyayyar ce ta ɓata mini rai. Mace mijinta bai yi wata uku a ƙasa ba, ɗanta yana hannun ɓarayi, amma tana zaure da turare ana hirar da. Wasu ƙawayena kuma sun ce wurin ne ya fi daɗi. Wa ke da gaskiya? Daga wata mai karatu, Kubwa, Abuja.

MALAMIN FIƘIHU: Lissafi zai raba ku. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 234, sai mai ciki da take fita da haihuwa. Mai takaba ba ta kwalliya, ba ta turare, ba ta kwana a wani gida, amma tana fita da rana don buƙata, kuma neman ɗa buƙata ce babba. Aya ta 235 ta halatta wa namiji ya yi jirwaye, ta hana a ƙulla alkawari ko a ɗaura aure. A labarin, wata biyu ne da rasuwa, aka yi kwana tara ana nema, aka ɗaura aure mako uku bayan an ga yaro. Wata uku ke nan, da sauran fiye da wata guda. Wannan aure ɓatacce ne, kuma a Malikiyya in har aka tare a cikin idda, ta haramta gare shi har abada.

EDITA: Ƙawayenki ma ba su yi ƙarya ba, 'yar'uwa, domin mai karatu yana son ya ga zuciya biyu suna matsowa. Kuskuren shi ne an tsayar da neman yaro an buɗe babin soyayya, babi biyar cur, sannan aka koma. A irin wannan labari soyayya a cikin neman take tafiya: ya kawo mata labarin da bai kamata ya faɗa ba, ta lura bai ci abinci ba tun jiya ta aika ƙanwarta da kwano, ya tsaya a ƙofar gida a sanyin Disamba ya kasa sallama. Takabar da aka tsallake ita ce za ta ba labarin zafi, tunda duk abin da suke ji ba mai iya furtawa. Akwai kuma wata ƙaya da ba a taɓa ba. A Malikiyya uwar da ta auri bare ta tare, riƙon yaro yana komawa ga mahaifiyarta. Macen da ta sha wuya ta karɓo ɗanta, sannan a ce auren masoyinta zai iya raba ta da kwana ɗaki ɗaya da shi, wannan ya isa babi uku.

TAMBAYA: Barista, abu biyu. Na ɗaya, a kantar caji ofis an ce wa uwar ta dawo bayan awa 24. Haka doka ta ce? Na biyu, sufeto ya buɗe kwamfuta a caji ofis ya ga ɗigo ja yana tafiya har gidan da aka ɓoye yaro. Ana yin haka? Daga wani direba, tashar Bauchi Road.

LAUYA: Babu dokar da ta ce a jira awa 24 kafin a kai rahoton ɓatan yaro. Marubuciya tana iya sa wani kurtu ya faɗa, amma ya kamata wani a labarin ya ƙaryata shi, kada mai karatu ya tafi da ita a ka. Awannin farko su ne masu tsada. Abin da ake kai wa 'yan sanda: hoto na kwanan nan, kalar kayan da ke jikinsa har takalmi, tabo ko tsaga, wanda ya gan shi na ƙarshe da ƙarfe nawa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. A lokaci guda a yi cigiya a lasifikar masallaci da coci, a gaya wa mai unguwa da 'yan sintiri, a je tasha wajen 'yan kamasho domin su ne suka san motar da ta tashi da wanda ya shiga da yaro, a kai sanarwa gidan rediyo. A yankin Bukuru da Barikin Ladi kuwa, kafin a ambaci ɓarawo, rijiyoyi da kududdufan tsohuwar haƙar kuza ake fara dubawa. Labarin bai leƙa ko ɗaya ba, duk ɗan Filato zai ji wannan giɓi.

Ɗigo ja na fim ne. Ƙaramin caji ofis ba ya bin sawun waya da kansa. Laifi irin wannan ana miƙa shi sashen binciken manyan laifuka a hedikwatar jiha da ke Jos, a nemi bayanan kira daga kamfanin waya a rubuce, abin yakan ci kwanaki. Abin da ke fitowa shi ne wa aka kira, yaushe, da turken sadarwar da ya ɗauki kiran. Turke ɗaya a karkara yana iya rufe ƙauyuka da dama, don haka yanki yake nunawa, sai ƙafa da tambaya su ƙarasa. Tun Disamba 2020 aka umarci haɗa layin waya da lambar NIN, amma sunan da ke kan layi ba lallai shi ne mai riƙe da wayar ba. Sannan an ce an kai yaron Tilden Fulani. Nan jihar Bauchi ce, ko da yake tana bakin Jos, sufeton Filato ba zai faɗa can da bindiga shi kaɗai ba sai an haɗa kai da rundunar can. Ƙari a kan haka, ranar da DPO ya ji cewa mai bincike tsohon saurayin mai ƙara ne, ranar zai karɓe fayil ɗin.

TAMBAYA: Miliyan 50 uwar ta ciro a banki da safe ɗaya ta zuba a jakar hannu. Ni dai na yi dariya. Daga wata ma'aikaciyar banki, Wuse, Abuja.

EDITA: Dariyarki tana kan hanya, Hajiya. Bandir ɗaya na 'yan dubu-dubu naira 100,000 ne. Miliyan 50 bandir 500 ke nan, takarda 50,000, nauyin ya kusa buhun siminti. Miliyan 5 ce ke shiga jakar makaranta. Tun farkon 2023 kuma Babban Banki ya sa iyakar naira 500,000 a mako ga mutum ɗaya, abin da ya haura sai da caji, balle reshen ƙaramin gari da ba ya ajiye irin wannan tsaba. Yadda ake haɗa kuɗin shi ne babin da aka yi asara: a sayar da sa, a jinginar da gona, a kai sarƙa kasuwa, a yi karo-karo a masallaci. A nan ake gane masoyi da maƙiyi, a nan kuma mai karatu zai tambayi kansa yadda aka yi ɓarayin suka san daidai abin da gidan zai iya tarawa.

TAMBAYA: Ni ban yarda da baffan ba. Sau biyu kacal aka ambace shi kafin babi na 30. Mai shagon da aka yi ta nuna mana fa? An yaudare mu. Daga wani ɗalibi, Jami'ar Jos.

EDITA: Ɓatar da sawu halal ne a wannan fanni, ɓoye mai laifi a bayan labule ne haramun. Ƙa'idar da editoci ke bi: mai laifi ya bayyana a rubu'in farko, a nan kafin babi na 8, ya yi magana, ya yi wani abin kirki. Waɗanda ake zargi kada su wuce huɗu, kowa da abin da yake ɓoyewa wanda ba satar ba ce, mai shago yana sayar da ƙwaya, malamin aji ya bar yara ya tafi ɗaurin aure. Shaidar da za ta kama mai laifi a ajiye ta sau uku: farko a cikin hayaniya, na biyu a bakin wanda ba a ɗauka da muhimmanci ba, kamar yarinya mai tallan awara, na uku a hannun mai bincike. Misali, baffa ya ce a saya wa yaron takalmi in ya dawo tunda ɗaya ya tsinke, alhali da safen ranar ya tsinke, shi kuwa ya ce rabonsa da yaron mako guda.

Zaɓen na gida a matsayin ɓarawo daidai ne. A garin da kowa ya san kakan kowa, baƙo ba ya jan hannun yaro ya wuce majalisa uku ba a tanka ba, sai wanda yaron zai bi da murna. Yarinyar Kano 'yar shekara biyar da aka sace a Disamba 2021, mai makarantarsu ne ya ɗauke ta. Ɗaya nau'in, na masu safara, shi ne irin yaran Kano tara da aka gano a Anaca a 2019, kuma masu wannan ba sa kiran waya neman fansa. Marubuci ya zaɓi ɗaya, kada ya gauraya.

TAMBAYA: An kama baffa ranar Litinin, sufeto ya mare shi ya amsa laifi, Juma'a alƙali ya ɗaure shi, yaro ya rugo yana dariya ya yi jawabi. Ya yi mini sauri. Daga wata ma'aikaciyar jinya, Rikkos.

LAUYA: Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24, ko 48 in kotu na nesa. Yawanci majistare zai ba da umarnin tsarewa, a aika fayil ma'aikatar shari'a don shawara, sannan a gurfanar a babbar kotun jiha. Shari'ar yarinyar Kano da aka ambata, an yi kame a Janairu 2022, hukunci ya fito a Yuli, kuma ana lissafa ta cikin masu sauri. Marin nan kyauta ce ga lauyan baffa: sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma tana iya juyowa kan sufeton. Yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma sashe na 209 ya ce maganarsa kaɗai ba ta ɗaure mutum sai wata shaida ta ƙarfafa ta. Don haka takalmin, bayanan kira da matar da ta riƙa kai wa yaron abinci su ne shari'ar.

EDITA: Jawabin yaron kuwa mu ma mun so a cire. Ɗan shekara shida da ya kwana tara a ɗakin da bai sani ba yakan dawo shiru, ya riƙe zanen uwa ko banɗaki za ta, ya koma fitsarin kwance, ya firgita in an buga ƙofa. Asibiti ake fara kai shi kafin gida, a duba rashin ruwa a jiki, zazzaɓi da rauni, kuma ba a tara masa 'yan barka suna tambayarsa yadda aka yi. Tambayar da irin wannan yaro zai yi ƙarama ce, ita ce kuma uwar za ta rasa amsarta: ina Baffa, ya ce zai dawo ya kawo mini biskit.