Kotu ta kai Babanmu asibiti maimakon gidan yari, me ake yi wa tsofaffi a can?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, dan Allah ina neman haske. Babanmu shekarunsa 66, mutum ne mai kunya da haƙuri tun tasowarmu, amma shekara uku ke nan ya canza gaba ɗaya, sai ya ɗauki kayan mutane a gabansu ko a jikinsa, yana faɗin maganganun da ba mu taɓa jin sun fito bakinsa ba, kwanaki kuma ya ji wa wani ciwo da sanda har aka je kotu. Alƙali ya ce a ajiye shi a asibitin ƙwaƙwalwa mai tsaro. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne Baba ba ya mantuwa, yana gane kowa, to ina ciwon yake? Kuma me za a yi wa tsoho a irin wannan wuri?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, shi ma wanda aka ji wa ciwon Allah ya ba shi sauƙi. Likitocin da ke duba shi su za su yanke magana, amma labarin nan naki ya yi kama da wani ciwo da ke fara cin gaban ƙwaƙwalwa, wajen bayan goshi, inda kunya da kamun kai suke. Tun 1892 wani likita Arnold Pick ya bayyana shi a birnin Firag (Prague), babban birnin ƙasar Cek ta yau. Yawanci yana kama mutum tsakanin shekara 45 zuwa 65, kuma ba da mantuwa yake farawa ba kamar Alzaima, ciwon mantuwar nan na tsofaffi, hali ne ke fara lalacewa, shi ya sa iyali ke ɗauka rashin mutunci ne kawai ya zo da tsufa. Shanyewar ɓarin jiki, tsohon bugu a kai ko ƙari a ƙwaƙwalwa su ma suna kawo haka, don haka za su ɗauki hoton ƙwaƙwalwa su gwada jini.

Irin asibitin nan ba sabon abu ba ne, a Ingila an buɗe Broadmoor tun 1863, dokarsu ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 kuma ta ba kotu damar tura mutum asibiti maimakon kurkuku. Abin da ke ci min rai shi ne yawancin wuraren nan da majiya ƙarfi a rai aka tsara su. Ki duba tsoho yana jan ƙafa, ga hawan jini ga suga, an haɗa shi ɗaki da ɗan shekara 25 da ciwo ya tasar masa, wallahi tsohon ne ke bukatar a kare shi, ba wasu za a kare daga gare shi ba. Ɗakin jinyar tsofaffi daban yake, ƙasa ba santsi, akwai ƙarfen dafawa a bango, an manna hoto a ƙofar banɗaki don ya gane, nas na zaune kusa lokacin cin abinci don kada abinci ya shaƙe shi, mai irin wannan ciwon yakan cika baki da abinci ba ya jira ya haɗiye.

Magani kuma kaɗan-kaɗan ake bayarwa, domin magungunan kwantar da masu taɓin hankali suna ƙara haɗarin shanyewar jiki ga tsoho mai wannan lalura. Ciwon ba a warkar da shi, aikin shi ne a gano me ke tunzura shi, hayaniya ce ko ciwon jiki ne da ya kasa faɗa, a kauce masa. Lokaci-lokaci ana sake auna haɗarinsa, in ya ragu ana iya mayar da shi wurin da tsaro bai kai haka ba.

Ke kuma ki zauna ki rubuta wa likitocinsa yaushe ya fara canzawa, me ya fara yi, wane magani yake sha, ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi, don yana bin jini a wasu gidajen. Ki kai musu ranar ziyara ta gaba.