Shagonmu na Zamanin Kuza: Za Mu Iya Ɗora Masa Bene?

Tambaya: Muna da shagon ƙasa a Jos tun zamanin haƙar kuza, muna son ɗora masa bene. Me za mu kiyaye?

Amsa: Malam, ku fara tuntuɓar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Idan ginin na cikin waɗanda aka ayyana a matsayin gine-ginen tarihi, dokar hukumar ta 1979 ta hana taɓa shi ba izini.

Bangon ƙasa ba ya ɗaukar nauyin kankare. Ku gina benen a bayan shagon, nesa da bangonsa, a kan nasa harsashin, domin haƙa dab da tsohon bango na tsaga shi. Kada ku shafe bangon da siminti: yana tsare danshin damina a ciki, ƙasar ta jiƙe, shafen ya ɓanɓare. Yaɓen ƙasa da makuba ya fi. Tsofaffin ƙofofi da tagogi kuwa a gyara su, kada a cire.