Daɗewa a kan sitiyari ba ita ce iya tuƙi ba

Malam, ka tambaya ko yawan shekaru a tuƙi ne ke sa mutum ya zama direba nagari, tunda yaronka ya fara koyon mota. Wallahi ba shi ba ne. Akwai tsofaffin hannu a hanyar Katsina zuwa Daura da har yau suke wuce tirela a kan kwana, ba tare da sun ga abin da ke tahowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Ka duba saƙo na daƙiƙa 3, ka shafe fiye da mita 60 ba ka kallon titi. A wannan tazarar ɗan makaranta zai iya tsallakowa, ko akuya, ko mai babur ya faɗo daga lungu. Ran mutum fa ake magana.

Ga masu dalle wa na gaba fitila da dare, da masu Keke Napep da ke taka burki a tsakiyar titi wajen Ƙofar Ƙaura don ɗaukar fasinja, ko sigina babu.

Ka koya masa ya riƙa hangen nesa, yana duba madubi, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba. Cikin gari kada ya wuce kilomita 50. Lokacin hazo ya kunna fitila ko da rana ce, kuma in barci ya fara fizgarsa, ya faka ya huta. Allah ya tsare mana shi.