Wace bindiga zan saya don farautar elk a Kolorado?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin jihar Kolorado ne a Amurka, ina tuƙin tirela. Wani abokin aikina ya gayyace ni farautar elk, wata babbar dabbar daji, a watan Oktoba, na yi kwas ɗin mafarauta har na karɓi kati, saura bindiga. Na je shago, mai shagon ya ce in ɗauki .300 Win Mag mai bututu inci 26 wai ita ce ta maza, shi kuma abokin nawa ya ce 6.5 Creedmoor mai inci 20 ta isa. Ban taɓa harba babbar bindiga ba, kuma kuɗina na guda ɗaya ne. Don Allah wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In ka bi tawa, kada ka ɗauki ko ɗaya cikin biyun. Nemi .30-06 Springfield mai bututu inci 22, ka haɗa ta da harsashi mai kyau na giren 165 ko 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), sauran canjin ka zuba shi a madubin hange da harsashin koyo. Bari in faɗa maka dalili, don kada gobe ka koma shagon a sake juya maka kai.

Da farko ka san abin da za ka harba. Elk ba barewa ba ce. Bijimin da ya ƙosa yana kai kilo 300 ko ya wuce, macen kuma ta haura 200, in ka taɓa ganin gwanki to ka ƙara masa jiki da gashi da ƙaho mai rassa. Fatarsa da kauri, ƙashin kafaɗarsa ba na wasa ba, kuma dabba ce mai taurin rai, sai harsashi ya shige ta amma ta ci gaba da tafiya kamar ba ita aka harba ba, ta gangara kwazazzabon da in ta mutu a can sai kun kwana biyu kuna ɗaukar nama a baya. Saboda haka abin da ake nema shi ne harsashin da zai ratsa huhu biyu, in da hali ya fita ta ɗaya gefen ya bar jini a sawu.

Dokar Kolorado ta sa mafi ƙanƙantar abin da za a yi amfani da shi: faɗin harsashi kada ya gaza inci .24, nauyinsa kada ya gaza giren 85 in elk ne, ya zama irin mai buɗewa idan ya shiga nama, bututu kuma aƙalla inci 16. Kaga duka biyun da aka ba ka shawara doka ta yarda da su. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mu fara da ta mai shago. .300 Win Mag, wato magnum, bindiga ce ta gaske, tun 1963 take kashe elk, ba na musun wannan. Tana fitar da harsashin giren 180 da gudun ƙafa wajen 2,950 a daƙiƙa, ita kuma .30-06 da harsashi iri ɗaya wajen 2,700. A takarda sai ka ga tazara, amma a daji fa? In ka saita su duka biyu a yadi 200, a yadi 300 harsashin .30-06 zai sauka ƙasa da saiti kamar inci 8, na magnum ɗin kamar inci 6 da rabi ko 7. Inci ɗaya da wani abu kenan, a jikin dabbar da wurin huhunta ya kai faɗin babban tiren abinci. Wannan ɗan bambancin kuwa da kafaɗarka za ka biya shi, domin shurin magnum ya fi na .30-06 nesa ba kusa ba, ga ƙara, ga tsadar harsashi, ga bindigar ta fi nauyi da tsawo.

Shurin nan shi ne abin da sababbin maharba ke rainawa, kowa ya ce ai ni namiji ne. Ba maganar mazantaka ba ce, jiki ne kawai yake koyon tsoro ba tare da ya yi shawara da kai ba. Na taɓa zama da wani bawan Allah a filin gwajin harbi, ƙato ne wallahi, ya sayo magnum sabuwa fil yana ta ƙorafi wai madubin ne bai da kyau don harsashi sai warwatsuwa yake a takarda. Na ce ya juya baya in ɗura masa, sai na rufe bindigar ba komai a ciki na miƙa masa. Ya kwanta, ya saita, yana danna kunama sai ga ido a rufe, kafaɗa ta zabura gaba, bakin bindiga ya duƙa ƙasa, alhali ba abin da ya tashi sai ɗan ƙas! Shi da kansa ya fashe da dariya. Wanda yake haka a kan tebur da jakar yashi, yaya kenan in ya hau dutse mai tsayin mita dubu uku yana haki, hannu ya sandare da sanyi, bijimi kuma ya ba shi daƙiƙa biyar? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Harsashin magnum da ya shiga tumbi bai kai na .30-06 da ya shiga huhu ba.

Ita kuma 6.5 Creedmoor, abokinka bai yi ƙarya ba. Kamfanin Hornady ya fito da ita a 2007, shurinta kaɗan ne, tana da daɗin harbi, mutum yana saurin iya saiti da ita, kuma ana kashe elk da ita kowace shekara. Ko a Siwidin an daɗe ana harbin mus, wanda ya fi elk girma, da 6.5x55 mai faɗin harsashi iri ɗaya. Matsalata da ita a hannun sabon shiga ita ce ba ta yafiya. Harsashinta giren 140 ne ko kusa da haka, in bijimi ya ba ka gefe sosai a yadi 200 shi kenan an gama, amma in ya ɗan karkace sai harsashin ya bi ta ƙashin kafaɗa, nan ne za ka so a ce akwai ƙarin nauyi. Gwani yana iya haƙuri ya jira tsayuwar da yake so ko ya bar dabbar ta wuce. Kai kuma da ka ɗauki hutun aiki, ka biya lasisi, ka yi kwana huɗu ba ka ga ko jela ba, na san zuciya, ba lallai ka jira ba.

Shi ya sa na tsaya a tsakiya. .30-06 tun 1906 take, sojan Amurka sun yi yaƙin duniya biyu da ita, kuma babu ƙaramin garin da za ka shiga a yankin duwatsun nan ka rasa harsashinta a kanti, wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da ka manta kwalinka a gida. In ka gwada ka ji shurinta ma ya yi maka yawa, sauka zuwa .308 Winchester, ƙanwarta ce, faɗin harsashi ɗaya, gudun ne ya ɗan ragu da kamar ƙafa 100, kuma har yadi 300 elk ba zai gane bambanci ba. .270 Winchester da giren 150 ita ma ba laifi. 7mm Rem Mag tana da kyau amma ta fi son dogon bututu.

To maganar bututu. Mutane suna ɗauka dogon bututu shi ke sa harbi ya tafi daidai, ba haka ba ne, abin da tsawo ke ƙarawa shi ne gudu, saboda albarushi yana samun lokacin tura harsashi kafin ya fita. A irin su .308 da .30-06 kowane inci da ka rage kana asarar kamar ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Lambar gudun da ake bugawa a jikin kwali yawanci da bututu inci 24 aka auna ta, saboda haka mai inci 22 ya rasa wajen ƙafa 50, wanda a yadi 300 ko inci ɗaya bai kai ba. Abin da ka samu a madadin haka ya fi: bindiga mai sauƙin rataya, wadda ba ta maƙale wa rassa in ka shiga duhun itatuwa inda elk ke kwanciya da rana. Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin itatuwan da suka faɗi kan juna da bindiga mai inci 26 a baya ya san haushin, kowane taku sai ta kama wani abu.

Magnum kuwa labarinta daban, kwansonta cike yake da albarushi mai ci a hankali, tana buƙatar inci 24 zuwa 26 kafin ta nuna kanta. In ka yanke ta zuwa 20 ka sayi ƙara da walƙiyar wuta ne kawai, gudun ya dawo kusa da na .30-06 amma kana biyan kuɗin magnum. Ita .308 ce ta fi jure gajeren bututu, inci 20 ma lafiya lau take. Inda gajeren ke da hujja sosai shi ne in kana da niyyar ɗaura na'urar rage ƙara nan gaba, don ita kaɗai tana ƙara inci 6 zuwa 8, to a nan sai ka nemi 18 ko 20 mai zare a baki. Kada dai ka kuskura ka sa a yanke maka ƙasa da 16, wannan ya shiga hurumin dokar tarayya ta 1934 kuma Kolorado ma ba ta yarda a yi farautar manyan dabbobi da shi ba. Akwai kuma abin da ake ɗaurawa a baki mai huda-huda don rage shuri, yana aiki, amma ƙararsa sai ta kusa kurmantar da na kusa da kai.

Abin da na fi so ka kashe wa hankali ma ba sunan bindigar ba ne, ƙirar harsashin ne. Mai araha na harbin takarda ko na ƙananan dabbobi yana iya tarwatsewa a kan ƙashi bai shiga ciki ba. Irin wannan ne ya faru da wani maharbi Ba'amurke, John Nosler, a 1946 lokacin da yake harbin mus a Kanada, har ya sa ya ƙera harsashin da ake kira Partition, wanda gabansa ke buɗewa bayansa kuma ya tsaya a dunƙule ya ci gaba da ratsawa, har yau ana sayar da shi. Akwai kuma wani irin harsashin mai suna AccuBond, akwai na tagulla zalla irin TSX na kamfanin Barnes, shi wannan yana ratsawa sosai kuma ba ya barin dalma a nama, sai dai yana son gudu kafin ya buɗe, don haka in tagulla ka zaɓa ɗauki mai ɗan sauƙi kamar giren 165 ko 168. Sayi iri biyu ko uku ka gwada, kowace bindiga da wanda take so, wanda ya fi taruwa wuri ɗaya a takarda shi ne naka, kada ka sake canzawa har a gama farauta.

Daga yanzu zuwa Oktoba ka riƙa zuwa fili, amma ba kullum a kan tebur ba. Harba a zaune, a durƙushe, a kwance ka ɗora bindiga kan jakarka ta baya, ka sa rigar sanyin da za ka sa ranar don kauri yana canza yadda gindin bindiga ke zama a kafaɗa, ka kuma bar tazara tsakanin ido da madubi kada ya sare maka gira. Manna farantin takarda, duk nisan da kake iya sa harsashi biyar cikin biyar a ciki, nan ne iyakarka, ko da yadi 150 ne, abin da ya wuce nan ka taka da ƙafa ka matsa kusa. In kun isa sansani ka sake harba biyu ko uku ka tabbatar saiti bai goce a mota ba.

Ranar kuwa, saita bayan ƙafar gaba, kamar kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, ka yi bismillah ka danna a hankali. In yana nan a tsaye bayan harbin farko kada ka tsaya kallo, ɗura ka ƙara masa. Wuƙarka ta kasance a kugu ba a cikin jaka ba, don in ka iske shi da sauran rai sai ka yanka.